Wandona, Teku da Zanin Surukata

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana Amurka, wasu na manta, wasu har yanzu ina ƙoƙarin mantawa. Amma ranar da na tsaya cikin teku, ruwa iya ƙirji, ina roƙon Allah Ya saukar wa surukata gyangyaɗi, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da omo.

Bari in faro daga tushe. Hajiya, mahaifiyar matata Bilkisu, ta zo Greensboro ne lokacin da aka haifa mana 'yarmu Amira, don ta kula da jego. Muna zaune a wani gidan haya mai ɗaki biyu a bayan Gate City Boulevard, irin gidajen nan da idan maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Wanda bai taɓa zama da surukarsa a irin wannan gida ba bai san jarrabawa ba. A can gida Najeriya, ka je ka durƙusa daga bakin ƙofa, ka gaishe ta kanka a sunkuye, ka ajiye ɗan abin da ka zo da shi, ka arce. Nan kuwa falo ɗaya, firij ɗaya, kuma ƙofar ɗakinta tana kallon tamu.

Ni kuma Allah Ya yi ni da kunya irin ta mutanen da. Tun da Hajiya ta sauka ban ƙara cin abinci a falo ba. Sai Bilkisu ta zuba min a roba in ɗauka in sauka mota in ci (har wani maƙwabcinmu Bature ya taɓa ƙwanƙwasa min gilashi, ya tambaye ni cikin tausayi ko matata ce ta kore ni). Gajeren wando kuwa na yi sallama da shi. Cikin zafin nan na watan Yuli, da kaftani da hula nake zama a gidana kamar mai jiran a kira shi ɗaurin aure.

"Kai kam Baban Amira," in ji Bilkisu, "Mama fa ba dodo ba ce. Rilas mana, saki jikinka, a Amurka muke."

Ita ma Hajiyar ba baya ba ce wajen kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na shigo falo sai ta gyara mayafi ta mai da ido kan talabijin, ko da tallar inshorar mota ake yi. Hirarmu ba ta wuce ina kwana da ina gajiya. Amma wata rana na jiyo ta daga kicin tana ce wa 'yarta, "Mijin nan naki akwai kamala." Jama'a, ba na ɓoye muku, wannan kalma ta yi min daɗi fiye da ƙarin albashi. Na riƙe ta gam, na kuma ƙudurta cewa da ita Hajiya za ta koma gida, ba abin da zai taɓa min ita.

Da lokacin komawarta ya matso, Bilkisu ta ce bai kamata Mama ta zo Amurka ta koma ba ta ga komai ba sai wankan jariri da shagon kayan miya. Muka yanke shawarar zuwa hutu Hawai, don can ne ba sai an nema wa Hajiya wata biza ba. Na je kanti na sayi wandon wanka mai kyau, shuɗi, iya gwiwa, na sa a ƙasan akwati. Sai da jirgi ya tashi sannan na tuna a gaban wa zan sa shi.

Tsibirin kam Allah Ya yi halitta. Rana tar, iska mai daɗi, ko'ina baƙin dutse mai kaifi wanda aka ce tsohon aman wuta ne da ya daskare. Mun je har bakin ramin dutsen mai aman wuta, muka ga hayaƙi yana fita daga ƙasa. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A'uzubillahi. Mutane sun ga wuta tun a duniya, suka zo suka gina gidaje kusa da ita." Teku kuwa ta ce ba da ita ba, ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba abin wasa ba ne. Kullum sai ta shimfiɗa wani zaninta na atamfa can nesa a ƙarƙashin lema, ta zauna da carbinta, idonta a ƙasa saboda irin shigar da mutane suke yawo da ita. Sau ɗaya kawai ta yi magana a kai, ta tambayi Bilkisu ko yadi ne ya yi tsada a garin.

Ranar da abin ya faru, da abincin rana aka fara. Otel ɗin irin na ɗebi da kanka ne, ɗakin cin abincin kuma ƙato, don haka na samu wani lungu bayan ginshiƙi inda Hajiya ba ta hango ni. Na zauna na rama wa cikina duk watannin da na yi ina ci a mota. Kifi, shinkafa, abarba, na koma kifi. Da na ji numfashi yana neman gagarata, sai na zura hannu ƙarƙashin kaftani na sassauta tazugen wandona. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Daga nan muka gangara bakin ruwa. Wurin ɗan lungu ne na yashi, hagu da dama duk baƙaƙen duwatsun nan ne sun shiga cikin teku, hanyar fita daga ruwa ɗaya ce tak, ta gaban masu zama a lema. Mutane suna ta wani wasa, su tsaya a kan wani dogon allo suna tuƙa shi da sanda mai faɗin baki irin ta kwale-kwale. Ni kuwa haifaffen Yawuri ne, a bakin kogi na tashi, sai bakina ya ƙi shiru. Na ce wannan ai wasan yara ne, mu da muke tsallaka kogin Kwara da kwale-kwale tun ba mu san tsarki ba.

Bilkisu ta yi dariya. "Baki dai. Tun da muka yi aure ko swimin ful, ɗan kwamin wankan nan, ban taɓa ganin ka shiga ba."

Da ta tsaya nan da da sauƙi. Sai Hajiya, ba tare da ta ɗago kai ba, ta faɗa wa iska, "Ai mutanen Yawuri ba a yi musu gardamar ruwa."

Shi ke nan, ta gama da ni. Surukata ta tsaya min, ina zan sa kaina in ban shiga ba? Na miƙe. Bilkisu ta jawo ni gefe ta ce in hau ɗaki in sa wandon wankan. Na ce a gaban Mama? Ta ce to in sa shi daga ciki. Na dubi tudun da za a hau kafin a kai ɗakin, na dubi cikina, na ce mata wanda zai faɗa ruwa shi ke neman wandon wanka, ni a tsaye zan tafi a tsaye zan dawo. Ana cikin haka Amira ta fara kuka, Bilkisu ta ɗauke ta ta tafi ɗaki shayarwa. Hajiya ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa da sauka ba, za ta jira a nan.

Mai ba da hayar allon wani ƙaton mutum ne mai zane a damtse. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce da wannan doguwar riga ba zai ba ni ba. Na zagaya bayan rumfarsa inda Hajiya ba ta gani, na tuɓe kaftani da hula, na ɗora rigar hana nutsewa a kan singileti (a lissafina ita ma riga ce, tunda ta rufe ƙirji da baya). Wandona na farar shadda kuwa yana nan har idon sawu, ba wanda zai ce na yi rashin kamala. Mutumin ya ɗaura min wata igiya a ƙafa wadda ta haɗe da allon. Ina yin nisa da shi na kwance ta, don ni ba akuya ba ce.

Gaskiya da farko abin ya yi kyau. Ƙafata ta tuna ƙuruciya, na miƙe tsaye ban ko yi tangaɗi ba. Na tuƙa na shiga ciki, ruwa garau har ana ganin ƙasa, ga kifaye masu launi, har wani ƙaton kunkuru ya wuce ta ƙarƙashina. Daɗi ya cika ni. Na waiga na hango Hajiya ta ɗago kai tana kallo, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanmu. Sai na ɗaga sandar tuƙin sama da hannu biyu, wai ni gwani.

Abin da ban sani ba shi ne, kogi gaba ɗaya yake tafiya, teku kuwa zuwa take ta dawo. Ina juyowa na doshi gaɓa, ban ankara ba wata igiyar ruwa ta taso daga bayana. Allon ya yi gaba, ni na yi sama, daga nan ban san gabas ba ban san yamma ba. Ruwa ya murza ni, ya cusa min yashi a hanci da kunne, ya sake murzawa. Da na samu ƙafata ta taɓa ƙasa na miƙe ina tari, abin da na fara yi shi ne hamdala. Abu na biyu kuma, na ji wani irin sanyi a cinyoyina wanda bai kamata in ji ba.

Na shafa. Babu.

Abin da ya rage min daga ƙugu zuwa ƙasa wani ɗan kamfai ne wanda Bilkisu ta daɗe tana roƙona in jefar. Ba zan siffanta shi ba, ya isa in ce ko a ɗakina ba na tsayawa gaban madubi da shi. Na durƙusa cikin ruwa da sauri, rigar hana nutsewar kuma ta ce ba ta san zance ba, sai ɗago ni take. Ga ruwan nan ba irin namu na Yawuri ba ne, ja mai rufa wa mutum asiri. Wannan kamar gilashi yake.

Sai na hango shi. Fari tas, ƙafafu a buɗe, yana lilo a kan ruwa cikin natsuwa. Na yunƙura zan bi shi, wata igiyar ta riga ni, ta kwashe shi ta kai shi har kan yashi, daidai saitin lemar Hajiya, ta shimfiɗa shi kamar an yi shanya. Hajiya ta dubi wandon. Ta ɗago ta dube ni. Idonmu ya haɗu, karo na farko tun da na auri 'yarta. Sannan ruwan ya dawo ya janye abinsa, ya yi cikin teku da shi, ban ƙara ganinsa ba har yau.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na tuna dutsen mai aman wuta, na ce da ma yanzu zai tashi kowa ya yi ta kansa. Hajiya kuwa ta juya fuskarta wajen tudu, ta ci gaba da jan carbi.

Na fara neman mafita. Na gwada bin gefe in fita ta bayan duwatsu, dutsen farko da na taka ya yanke min tafin ƙafa, na dawo. Na ɗaga wa wasu mata da miji hannu ko za su matso in roƙe su tawul, suka ɗago min hannu su ma cikin fara'a suka wuce. Mai hayar allo ya tsinci allonsa a kan yashi, ya tsaya bakin ruwa yana ƙwala min kira, lafiya kake, fito mana. Na ce lafiya lau, ina shan iska ne. Kiran nasa ya sa mutane suka fara taruwa suna kallo, har wata ta ɗaga waya. Bilkisu kuwa ba ta dawo ba. Yatsuna suka yi yaushi, haƙorana suka fara haɗuwa, igiyar ruwa kuma kowace ta zo sai ta ƙara tura ni wajen da ba zurfi. Na tabbata yau kamala ta ƙare, ko dai in fito da kaina ko teku ta fito da ni.

Can sai na ga Hajiya ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta janye zanin da take zaune a kai, ta nufo ruwa a hankali, fuskarta a karkace tana kallon tudu. Matar da ta rantse ba za ta kusanci teku ba, ta cire takalmi ta shigo har ruwa ya kai mata ƙwauri. Ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"Baban Amira," ta ce, da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi magana da shi ba. "Zanin nan duk ya kwashi yashi. Tunda kana ciki, taimaka ka ɗauraye min. Kada ka yi sauri, ba yanzu zan yi amfani da shi ba."

Ta dunƙule shi ta wurgo, ta juya ta koma, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Na cafke zanin nan kamar wanda aka miƙa wa takardar zama ɗan ƙasa. Na ce, "To Hajiya." Na ɗan jijjiga shi cikin ruwa don a ce an ɗauraye, sannan na ɗaura a ƙugu, na yi masa ƙulli uku. Haka na fito, ƙato da ni, da gemu, da rigar hana nutsewa ruwan lemo, da atamfa mai zanen tsuntsaye, ina ɗingishi. Wata tsohuwar Baturiya ta ce kayan nan sun yi min kyau, a ina na saya. Na yi bayan rumfa wajen kaftanina.

Ina fitowa sai ga Bilkisu da Amira a kafaɗa. Ta dubi kaftani, ta dubi atamfar uwarta tana leƙowa daga ƙasa tana ɗigar ruwa, ta dubi fuskata. Ta buɗe baki, dariyar ta riga ta taho.

"Me kike wa dariya?" Hajiya ta katse ta. "Ni na sa shi ya wanke min. Ke da kike nan kin taɓa cewa Mama kawo in ɗauraye miki? Wuce ki ba ni yarinyar."

Bilkisu ta haɗiye dariyarta har da ƙwalla. (Ta fito da ita daga baya a ɗaki, da kai cikin filo, kuma har yau ba ta gama ba.)

Sauran kwanakin hutun ban ƙara yarda mun haɗa hanya da Hajiya ba. A jirgi na roƙi wani ya yi musayar kujera da ni. Na tsira daga teku, amma hankalina bai kwanta ba, domin kafin ta tafi an shirya mata walimar sallama a gidan wani Alhaji a Summerfield kusa da mu, kuma duk wanda ya san Hausawan Greensboro ya san labari ɗaya in ya faɗo a irin wannan taro, kafin la'asar ya kai Kano da Yamai da Kumasi. Na riga na ji sunan da za a laƙaba min a masallaci.

Ranar walimar maza muna baranda, mata suna falo, taga a buɗe. Ina riƙe da faranti sai na jiyo muryar Anti Ramatu, wata 'yar zangon Kumasi wadda ba a ɓoye mata komai a garin nan.

"Ei, Hajiya! An ce kun je bich, bakin teku. Ba mu labari mana. Shi surukin naki mai kaftani ya shiga ruwa kuwa, ko a mota ya zauna?"

Aka kwashe da dariya. Na ajiye cokali na kasa kunne.

"Ya shiga," in ji Hajiya. "Ai ɗan Yawuri ne. A tsaye ya tafi har ya ɓace min. Ga kirki, har zanina ya wanke min a ciki. Ni dai Allah Ya ba ni suruki mai kamala."

Daga nan ta koma labarin dutsen wuta. Na sauke wata ajiyar zuciya da ta sa Alhajin da ke kusa da ni ya tambaye ni ko yaji ne ya yi yawa. Na ce masa e, ina share ido. Ban taɓa jin ƙaunar wani mutum ta kama ni lokaci guda irin ta ranar ba.

Hajiya ta koma gida, ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ko a waya. Bayan wasu watanni wani mai zuwa daga Kano ya kawo mana saƙonta: kuka, daddawa, yaji, 'yan kayan Amira, sai wata leda daban da aka ce ta Baban Amira ce. Na buɗe, ɗinkin shadda ne har kala uku, aiki mai kyau. Na ɗaga wandon farko ina neman inda zan zura tazuge, babu. Na duba na biyu, na duba na uku. Duk roba aka sa musu a ƙugu, mai ƙarfi, irin ta wandon 'yan firamare.

Da na kira in yi godiya, ta ce, "Ba komai. Telan ne ya ce yanzu haka ake yayi."

Abin da na koya dai shi ne, kunyar da ta hana ni nuna wa surukata gwiwa ita ce ta kusa nuna mata abin da ya fi gwiwa. Yanzu ko wurin wankan yara zan kai Amira, wandon wankana yana ciki, kaftani a sama. Masu robar nan kuwa su nake sawa ranar Juma'a, kuma duk tsawon sujada ban taɓa kai hannu ƙugu ba.